Tsatsar Jijiya: Ciwon Da Ba Mu Raɗa Wa Suna Ba A Kura Da Bunkure

Gara in faɗa tun da farko cewa ni ba likita ba ne, domin kada mai karatu ya ɗora ni a kan kujerar da ba tawa ba. Digirin da ya sa ɗalibai ke kirana dakta na kimiyyar harshe ne, kuma farautar kalmomi ce ta kai ni yankin noman rani na Kura da Bunkure. Ina son in tattara sunayen da manoma suka ƙirƙira ko suka ara tun lokacin da ruwan Tiga ya fara isa gonakinsu. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, kuma daga wannan lokaci ƙasar da ke kwana a bushe wata bakwai a shekara ta koma tana ba da alkama da shinkafa da tumatir da albasa tun daga Kadawa har zuwa ƙauyukan Bunkure. Duk inda sabuwar sana'a ta shiga, sababbin kalmomi na biye da ita, wannan shi ne abincin irinmu.

Daga cikin waɗanda suka fi taimaka mini akwai wani dattijo da ba zan ambaci sunansa ba. Yana da fahimta da barkwanci, kuma shi ya zaga da ni bakin kanal yana nuna mini ƙofofin ƙarfe da ake buɗe wa ruwa, yana gaya mini sunan kowane abu. Da na koma a rani na gaba sai na tarar da shi kwance a soro, hannunsa na dama da ƙafarsa sun daina aiki, baki ya karkace, magana ba ta fita sosai. A zama ɗaya na ji bayani uku. Babban ɗansa ya ce, “Malam, hawan jini ne, haka suka ce a asibiti.” Wata tsohuwa daga cikin gida ta aiko a gaya mini cewa iska ce ta buge shi a gona da almuru. Amininsa kuwa ya ja ni gefe ya ce, “Malam, tunani ne kawai. Kwandon tumatir ya faɗi ƙasa warwas, ga bashin taki a wuyansa.”

Na daɗe ina juya waɗannan amsoshi a raina. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu suna magana ne a kan ranar da ya faɗi, ko makon da ya faɗi. Ba wanda ya taɓo shekara ashirin ɗin da suka gabaci wannan rana, alhali kuwa a nan ne ciwon yake. Da na yi ta karatu a kan batun, na kuma dami abokaina likitoci da tambaya, sai na gane cewa laifin bai tsaya ga mutanen gidan ba. Harshenmu ne bai tanadar musu kalmar da za su riƙe wancan dogon lokaci da ita ba.

Dubi kalmar “jijiya”. Da ita muke kiran hanyar da ke ɗauke jini daga zuciya, da wadda ke mayar da shi, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da igiyar da ke ɗaure nama da ƙashi, har da saiwar itace. “Zuciya” kuma ta fi zama gidan fushi da haƙuri da ƙauna a bakinmu, shi ya sa idan aka ce wa Bahaushe yana da ciwon zuciya, abin da ya fara zuwa masa shi ne wane ne ya ɓata masa rai. “Kumburi” kuwa abu ne da ido ke gani ko hannu ke taɓawa. To yaya za ka gaya wa manomi cewa akwai kumburi a cikin jijiyarsa, wanda ba ya ciwo, ba ya tasowa, ba ya zafi, amma yana nan yana aiki shekara da shekaru?

Dattijon nan da kansa ya ba ni mabuɗin, tun kafin ya kwanta. Ranar da muke bakin kanal ya nuna mini wata ƙofar ƙarfe da ta cije, ya ce ruwan da take rabawa shi ne ke cin ta. Wannan ita ce maganar da masana suka yi ta yi. Iskar oksijin da muke shaƙa ita ke ƙona abinci a cikin ƙwayoyin jikinmu ta ba mu ƙarfi, amma a wajen wannan ƙonawa wasu ɓarɓashi masu tsananin zafin nama suna kuɓucewa. Ɓarɓashin nan ba sa zama lafiya, duk abin da suka taɓa, ko kitse ne ko furotin ko ƙwayar gado, sai sun fizge masa wani abu sun lalata shi, kamar yadda oksijin ke mayar da ƙarfe tsatsa, ko yake sa man gyaɗa ya yi ɗoyi idan ya daɗe a buɗe. Jiki yana da nasa masu kashe wannan wuta, wasu shi ke ƙera su, wasu daga abinci yake samu. Idan ɓarɓashin suka rinjayi masu kashe su, an shiga yanayin da wani Bajamushe masanin sinadaran jiki, Helmut Sies, ya raɗa wa suna a 1985. Ni dai a Hausa “tsatsar jiki” nake kiransa, idan kuma a hanyoyin jini ne in ce “tsatsar jijiya”, har zuwa lokacin da wani zai kawo wadda ta fi ta.

Ga yadda abin ke tafiya. Cikin kowace jijiyar jini akwai shimfiɗa mai santsi, kaurinta ƙwaya ɗaya tak, kamar daɓen siminti da aka yi wa babban kanal don ruwa ya wuce ba tare da ya tsaya ba. Wannan shimfiɗa tana fitar da wata iska mai suna naitirik okside, wadda ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe, ta kuma hana jini daskarewa a jikin bango. Gano wannan ne ya sa aka ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998. Ɓarɓashin tsatsa suna cinye wannan iska nan take, sai jijiya ta ƙanƙance ta yi tauri, awon jini ya hau. Hawan jinin kuma shi ma yana ƙara yawan ɓarɓashin, domin sinadarin da ke matse jijiya yana kunna injin da ke ƙera su. Kowanne na ciyar da ɗan'uwansa.

Da zarar shimfiɗar ta sami rauni, sai nau'in kolestarol ɗin nan da ake kira LDL ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiya yana maƙalewa. A can ne tsatsa ke kama shi ta sauya masa kama, abin da Daniel Steinberg da abokan aikinsa a Amurka suka fayyace a wata shahararriyar maƙala a 1989. Jiki ba ya gane wannan kitse da ya sauya, yana ɗaukarsa baƙo, sai ya turo fararen ƙwayoyin jini, wato dakarunsa. Su kuma su haɗiye shi har su cika su yi kumfa, su mutu a wurin, su kira wasu. Tarin gawarwakinsu da kitse da tabo shi ne ke zama ƙullutu a bangon jijiya. Wannan yaƙi marar ƙarewa shi ne kumburin ɓoye. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 Rudolf Virchow ya hango shi, amma sai a 1999 da Russell Ross ya buga maƙalarsa ya kira toshewar jijiya cutar kumburi kai tsaye, sannan ra'ayin ya zauna da gindinsa. Abin tsoron shi ne ba dole sai ƙullutun ya toshe hanya gaba ɗaya ba. Kumburi yana cin murfin da ya rufe shi har ya yi siriri, wata rana ya fashe, jini ya daskare a kai cikin 'yan mintoci. Idan a jijiyar zuciya ne, bugun zuciya ke nan. Idan a ta ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Wani lokaci kuma jijiyar ƙwaƙwalwa da hawan jini ya gajiyar ce ke tsagewa da kanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne. A nan gida, kusan baligi ɗaya cikin uku na da hawan jini. Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka buga sakamakonsa a 2018, ya kwatanta mutum fiye da 2,000 da suka gamu da shanyewar ɓarin jiki da takwarorinsu masu lafiya. Hawan jini ne ya fito a kan gaba da rata mai nisa, sannan a cikin jerin akwai ciwon sukari, da yawan kitse a jini, da shan taba, da ƙara gishiri a kan abinci, da ƙarancin cin ganye. Damuwa ma tana ciki, don haka aminin dattijona bai yi kuskure gaba ɗaya ba, ya dai ɗauki ashana ya bar tarin karan da aka daɗe ana jibgewa.

To mene ne wannan tarin kara a Kura da Bunkure? Na farko a idona shi ne hayaƙi. Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya ya ratsa Kura bayan girbi ya san garin shinkafa ne. Ana baza ta a kan tabarmi da leda, injina na ta ruri, a bayan gidaje kuma mata na aikin gumi, suna turara shinkafa a manyan tukwane da rabin duro, a kan murhun itace da ɓuntu, tun asuba har rana ta take. Na sha tsayawa kusa da su ina rubuta kalmomi, kuma ban taɓa iya wuce rabin sa'a ba sai idona ya cika da hawaye. Su kuwa nan ne ofishinsu, da goyo a baya. Mun saba danganta hayaƙi da tari da ciwon ido, amma ƙurar da ke cikinsa tana da ƙanƙantar da take kaiwa can ƙarshen huhu, ta ta da tsatsa da kumburi, saƙon ya shiga jini ya isa jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a gidaje ya yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma fiye da rabinsu ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka tafi. Ƙara da ƙona ragowar gona bayan girbi, da ƙurar hunturu, da sigarin da matasa masu ban-ruwa ke zuƙa da dare don korar sanyi.

Sai feshi. Tun bayan annobar tsutsar tumatir ta 2016, wadda jaridu suka laƙaba wa suna ebolar tumatir, na lura manomi ba ya yarda ya bar gona ba magani, kuma sau da yawa za ka ga yaro da famfon feshi a baya, ba takunkumi, ba safar hannu, ƙafa a cikin ruwa. A nan dole in yi taka-tsantsan, domin illar waɗannan magunguna da aka fi tabbatarwa tana kan huhu da ƙwaƙwalwa da ƙoda ne. Amma akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani: maganin ciyawar nan farakwat, wanda aka fi sani da sunan Gramoxone, yana kashe ciyawa ne ta hanyar ƙera ɓarɓashin tsatsa babu ƙaƙƙautawa, har ma masu bincike da shi suke amfani a ɗakin gwaji idan suna son haddasa tsatsar jiki a ƙwayoyin halitta. Tarayyar Turai ta daina amfani da shi tun 2007.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne kwanon abinci. Wannan yanki na cikin masu ciyar da Nijeriya da kayan miya. A kasuwar Kwanar Gafan manyan motoci ke lodin tumatir zuwa Legas da sauran biranen kudu. Amma zauna ka ci abincin rana da leburan da suka tsinke shi: garau-garau ce da mai da yaji da aka daka da dunƙule da gishiri, ko taliya, ko awara da ƙosai da aka soya a man da ya kwana uku yana komawa wuta har ya yi baƙi. Mai idan aka yi ta maimaita shi a wuta, shi kansa tsatsa yake yi, mu kuma mu haɗiye. Gishiri kuwa, gram biyar a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, shi ne iyakar da aka shawarta, kuma dunƙulen da uwargida ke jefawa biyar-biyar a tukunya kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Mai kyau na tumatir yana tafiya kasuwa, gida sai wanda ya fashe. Kuma a harshenmu mun riga mun yanke wa ganye hukunci: kwaɗon zogale da rama da miyar kuka abincin talaka ne, wanda Allah ya buɗa wa sai a gan shi da tsire da lemon kwalba. Mu da muke jami'a da ofisoshi ba mu da bakin yi wa kowa dariya a nan, domin mu ne muka fi bin wannan ƙa'ida.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafi matanmu, kuma a nan ne arewacin Nijeriya ya shiga littattafan likitancin duniya. Wani ciwo ne da ke kama mace a ƙarshen ciki ko 'yan watanni bayan haihuwa: naman zuciya ya yi laushi ya kasa harba jini, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara, ba ta iya kwanciya sai a jingine. A ƙasashen Turai sai an yi haihuwa dubbai kafin a ga ɗaya, amma a Zariya da Sakkwato da Kano an sami kusan ɗaya cikin ɗari. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a Zariya sun danganta shi da al'adun jego, wato wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Al'adun nan kuma suna da tushe a tunaninmu na cewa sanyi ne babban abokin gabar mai jego, kamar yadda Lewis Wall ya bayyana a littafinsa kan magungunan Hausawa na 1988. Shekara da shekaru aka tafi a kan wannan bayani.

Daga baya sai hankali ya karkata. A 1992 wasu masu bincike a Yamai suka sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin matan da ke da wannan ciwo. Seleniyam kuwa da shi jiki ke ƙera ɗaya daga cikin manyan makamansa na kashe tsatsa, kuma an riga an san cewa rashinsa ya taɓa haddasa ciwon zuciya a gundumar Keshan ta ƙasar Sin, inda ba da shi ga jama'a a shekarun 1970 ya rage cutar ƙwarai. A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner da ayarinta a Jamus suka nuna cewa idan tsatsa ta yi yawa a zuciyar mai jego, wani sinadari yana datse firolaktin, wato abin da ke kawo ruwan nono, gutsuren da ya fita kuma ya zama guba ga ƙananan jijiyoyin zuciya. A Kano, Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun buga a 2015 cewa kusan kashi 77 cikin ɗari na masu ciwon da suka auna suna da matsanancin ƙarancin seleniyam, alhali a cikin masu jego lafiyayyu kashi 22 ne. Rajistar da ya jagoranta a faɗin ƙasar nan, wadda sakamakonta ya fito a 2020, ta nuna cewa rama da rashin karatu da rashin aikin yi da hawan jinin masu ciki sun fi alaƙa da ciwon a kan wankan jego da kunun kanwa. Wannan bai wanke kanwa ba, domin gishiri ce, kuma mai hawan jini ko raunin zuciya ba ta da alheri a cikinta. Amma ya nuna cewa mun daɗe muna tuhumar tukunyar wanka, muka bar kwanon abincin yarinyar da ta shiga ɗaki da ƙashin wuya a waje.

Yanzu mai karatu zai ce, to ai magana ta ƙare, tunda tsatsa ce sai a sayi maganin tsatsa. Wannan shi ne tunanin da ke cika aljihun masu tallar ƙwayoyi da garin ganye a motocin haya da gidajen rediyo, masu cewa kayansu na wanke jini. Masana ma sun yi wannan zato, suka gwada, suka sha mamaki. A Finlan an ba maza masu shan taba fiye da 29,000 ƙwayoyin bitamin, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cewa waɗanda suka sha sinadarin karas na kwalba sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Gwajin HOPE na 2000 ya ba mutum fiye da 9,500 bitamin E ko ƙwayar banza har shekara huɗu da rabi, ba a ga bambanci ba. A Ingila an gwada bitamin E da C da sinadarin karas a kan mutum fiye da 20,000 na shekara biyar, a 2002 aka ce ba su hana komai ba, alhali a cikin gwajin nan ɗaya maganin rage kolestarol ya rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Dalili kuwa, ɓarɓashin nan ba duka ne abokan gaba ba. Da su fararen ƙwayoyin jini ke kashe ƙwayoyin cuta, da su ƙwayoyin jiki ke aika wa juna saƙo. Ga alama zuba bitamin a ciki ba ya kaiwa lungun da wutar take, a lokacin da take ci. Seleniyam ma, gyara rashi daban, ɗirka wa wanda ba ya buƙata daban, domin yawansa guba ne.

Ta ɓangaren kumburi ne aka fi samun nasara. A 2017 gwajin CANTOS, mai mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya, ya nuna cewa allurar da ke toshe saƙon kumburi guda ɗaya, ba tare da ta taɓa kolestarol ba, ta rage sake faruwar abin da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Wannan ya tabbatar da maganar Virchow bayan shekara fiye da 150, sai dai allurar na da tsada kuma ta ƙara mace-mace ta hanyar kamuwa da ƙwayoyin cuta. Daga nan aka koma kan kwalcisin, tsohon maganin ciwon gaɓɓai mai araha. Gwaje-gwaje biyu a 2019 da 2020 sun nuna amfaninsa, Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 2023, sai kuma wani babban gwaji a 2024 ya kasa ganin amfanin. Muhawara na nan a tsakanin likitoci. Ina roƙon mai karatu kada ya ɗauki wannan suna ya nufi kyamis, domin tazarar da ke tsakanin magani da guba a wannan ƙwaya kaɗan ce, musamman ga mai ciwon ƙoda. Haka kuma magungunan ciwon jiki da manoma ke sha kamar gyaɗa bayan aikin gona, irin su ibuprofen da diclofenac, duk da sunansu na masu rage kumburi, suna ɗaga awon jini su kuma wahalar da ƙoda da zuciya.

Abin da ya rage a hannunmu ba shi da ƙyalƙyali. A auna jini, wanda aka ɗora a kan magani ya sha kullum. A nan ma harshe na yi mana ƙafar ungulu. “Magani” a wurin Bahaushe abu ne da ake sha a warke a ajiye, shi ya sa ɗan dattijona ya gaya mini cewa an taɓa ba mahaifinsa ƙwayoyi shekaru kafin ya faɗi, ya sha wata ɗaya, ciwon kai ya tafi, ya ce ya warke. Wanda ya rubuta masa takardar bai sami minti biyar na yi masa bayani ba, in ma ya samu, da wace kalma zai yi? Da an ce masa, “Baba, wannan kamar man da ake shafa wa ƙofar kanal ne, ranar da aka daina shafawa tsatsa za ta ci gaba daga inda ta tsaya,” na tabbata da ya gane, don shi ya koya mini misalin.

A nan nake ganin laifinmu, mu malaman harshe. A 1990 aka buga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, muka sami yadda za mu ce baƙi da wasali da ɗafi da tsarin sauti ba tare da aro ba. Aiki ne mai kyau, amma kanmu muka yi wa. Har yau ma'aikaciyar lafiya a karkarar Bunkure da kanta take ƙirƙirar abin da za ta gaya wa mai jego mai kumburin ƙafa, kuma mafi yawan lokaci abin da ke fitowa shi ne “a rage gishiri, a rage tunani”. Sassan Hausa na jami'o'inmu da tsangayoyin likitanci suna gari ɗaya, wani lokaci mota ɗaya ke ɗaukar malamansu, amma ban cika ganin sun zauna a tebur ɗaya a kan wannan ba. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na yankin suna taruwa a kan rabon ruwa da yashe kanal, kuma na'urar awon jini ba ta kai kuɗin buhun taki ɗaya ba. Murhu mai bututun fitar da hayaƙi ga masu gumi ba fasahar da ta gagari maƙeranmu ba ce.

Na koma wurin dattijon a ƙarshen damina. Ya fara takawa da sanda, magana ta ɗan dawo, ko da yake wasu kalmomin da shi ya koya mini yanzu sai ya yi ta laluben su, in tuna masa. Na karanta masa jerin da na fara haɗawa: tsatsar jijiya, kumburin ɓoye, daɓen jijiya, ƙullutun kitse. Ya amince da uku. A kan “kumburin ɓoye” ya girgiza kai, ya ce abin da ba ya tasowa ba kumburi ba ne, in nemi wata. Ya ba da shawarar “gyambon ciki”, na ce masa likitoci sun riga sun ba olsa wannan suna. Muka bar ta a buɗe, na sa alamar tambaya a gefenta, jikarsa kuma ta kawo masa ƙwayoyinsa na yamma da ruwa a moɗa.